Ƙwan Kajin Ɗanlarai

"Ba zan ci ba!" Ɗanlarai ya ture miyar alayyahun da matarsa Sauda ta kawo. "Na gonar Toma ne ta Tirwun, mai zuba takin masai."

"Maigida, malamin gona ya ce tanar ƙasa ce ke tsotse gubar takin, ta tara a jikinta."

"Ita ta jiyo! Soya min ƙwan kajina, su na yarda da su."

Ya ci yana santi, yana yabon yadda kajin suka yi ɓul-ɓul bana.

Sauda ta bari sai da ya suɗe farantin tas.

"Ai Toma za ka gode wa. Tunda ka hana sayen dusa, kullum shi ke ciko wa kajin gwangwani da tanar gonarsa."