Wa Ke Tsayar da Aikin?

Karo na uku ke nan a mako guda da aka tsayar wa wata malama mai bincike da aiki a babbar kwamfutar jami'a. Gwajin jinin mata ɗari huɗu masu ciwon daji take nazari, kuma ranar Litinin za a rufe karɓar sakamako. In ta wuce, wahalar shekara biyu ta tashi a banza.

Ta fara zargin farfesan sashensu, wanda ya daɗe yana ƙorafin ta yi babakere a kan na'urar. Ta zargi ɗalibanta. Daga ƙarshe ta sauka ɗakin na'urori mai sanyi, ta tarar da mai kula da su yana ɗaure wayoyi.

"Malam, wa ke taɓa mini aiki?"

"Ni ne, Dakta."

"Farfesa ne ya sa ka?"

"Farfesan da ko lambar sirrinsa ba ya iya riƙewa?" Bai yi dariya ba. "Sau biyu ina turo miki saƙo, ba ki buɗe ba."

Ya juyo mata da allon kwamfutarsa. Fayil ɗinta ne, a ma'ajiyar da mutum arba'in ke shiga. Ta manta ba ta sauya sunayen marasa lafiyar da lambobi ba. Ga su nan reras, kowace da sakamakonta.

"Ka karanta?" ta tambaye shi.

"A layi na sittin da biyu na tsaya." Ya koma kan wayoyinsa. "Matata ce. Ce mini ta yi gwajin bai nuna komai ba."