Waƙa Ta Tara a Cikin Kwali

"Malam, wannan ko ɗan aji ɗaya ba zai rubuta ta ba," in ji ɗalibar da ta zaro waƙar.

Dokar malamin Turanci ce: kowa ya jefa waƙarsa a kwali ba suna, aji ya feɗe ta. Yau ya faki ido ya jefa tasa, wadda ya shekara goma yana gogewa.

"Farin wata sau huɗu, hawaye sau shida. Ba kai ka hana mu irin wannan ba?" ta ƙara da cewa.

"A sassauta masa," ya ce. "Wataƙila mai iyali ne."

Suka kwashe da dariya, suka miƙo masa jan biro. Ya rubuta abin da ya saba: "Same ni a ofis."

Ranar ce kaɗai wanda ya kira ya zo kan lokaci.