Muryar da Zubair Ya Haddace

Da hantsi Bilkisu take yin karatun, bayan wanke-wanke, kafin injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Takan zauna a bayan rumbu, ta jingina wayarta da turmi, ta danna wurin ɗaukar murya, ta karanta shafi goma na dokar haraji. Washegari dokar kamfanoni. Da yamma ta tura wa Zubair a tasa wayar.

Zubair ƙaninta ne, shekara ɗaya tsakaninsu. Tare suka gama difloma a Kano, tare suka yi rajistar jarrabawar ƙwararrun akantoci. Kawunsu Alhaji Sama'ilu, mai ofishin akanta a birni, ya ce kujera ɗaya gare shi, kuma ta wanda ya ci ce. Duk gidan an san wadda za ta ci.

Saura sati uku a fara darasi Zubair ya gaya wa Baba cewa ya ga Bilkisu a adaidaita sahu a Rijiyar Zaki, ita da wani namiji. Malaminsu ne, kuma shi kansa Zubair yana cikin keken, a gefen direba. Wannan bai faɗa ba. Baba, Malam Muhammadu Sani, bai tambayi kowa ba. Ya ce Bilkisu ta gama zuwa birni.

Kwana biyu bayan haka Zubair ya zube mata littattafan a tabarma.

“Ni in na buɗe littafi barci nake,” in ji shi. “Kunnena ne mai hadda. Tunda zaman banza kike, ki karanta min.”

Ba ƙarya ya yi ba. Izu talatin ya haddace tun yana ƙarami, duk da kunne. Bilkisu ta ɗauki littattafan ta share musu ƙura da gefen zani.

Damina ta sauka. Zubair yana gona da fartanya, abin saurare a kunne, muryar yayarsa tana bin sa kunya bayan kunya. Sashe da ƙaramin sashe, wa'adin miƙa takardu, adadin daraktoci, hukuncin wanda ya makara. A hankali take karatu, ba gargada, ba ta taɓa komawa baya ta gyara kalma ba. Wata rana zakara ya yi cara a tsakiyar babi, Zubair ya sa ta sake karanta shafi arba'in. A majalisa yakan kunna wa abokansa su ji. “Rediyona ke nan,” yakan ce. “Tuwo kawai take ci, ba ta cin batir.”

Bayan cin abinci yakan zauna gaban Baba ya zubo haddar da Turanci, kamar mai tilawa. Baba ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yana gyaɗa kai. Zubair ya waiwaya ya ce, “Ke, haka yake?”

“Haka na karanta maka,” in ji Bilkisu.

A Nuwamba ya rubuta jarrabawar. Ya dawo da tsire a leda, yana cewa babu tambayar da ta zo masa baƙuwa, har ƙarin takarda ya karɓa. Da sakamako ya fito, ya faɗi duka darussan biyu. Ya ce masu makin ne, ba sa son ɗan ƙauye.

Ya sake zaman hadda. Duk rani yana fadamar Bagwai yana ban ruwan albasa, bakinsa yana motsi. Wannan karon bai bar ko waƙafi ba. In ka tashe shi daga barci zai kawo maka babi daga farko har ƙarshe. A Mayu ya rubuta. Makin da ya samu bai kai na farko ba.

Alhaji Sama'ilu ya aiko cewa Nuwamba mai zuwa ce ta ƙarshe, daga nan zai ba wani kujerar. Abokan majalisa suka fara kiran Zubair Akanta Janar, su gaishe shi da ƙamewa, su fashe da dariya. Yarinyar da yake nema ta daina ɗaga wayarsa. Ran Juma'a, a ƙofar masallaci, gaban mutane, Baba ya ce, “Shekara guda kana surutu a gona kamar mai aljanu. Ashe babu komai a kan.”

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa, har rubutu ya karɓo wajen malam ya sha.

Ran Asabar da hantsi ya same ta a bayan rumbu. Ya durƙusa a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba.

“Yaya Bilki, ƙarya na yi miki wajen Baba. Kin sani, na sani. Ina ganin alhakinki ne yake bi na. Don Allah ki yafe min. Ki sake karanta min daga farko, sau ɗaya kawai.”

Yana kuka sosai, majina har leɓe.

“Za ka gaya wa Baba?”

Ya sunkuyar da kai. “Bari in ci tukuna. In na ci, wallahi zan faɗa.”

“To, tashi,” in ji ta. “Je ka gona. Da yamma zan turo maka.”

Da ya fita ta jingina wayar da turmi, ta buɗe babi na ɗaya, ta ɗora yatsa a kan layin. Littafin ya ce cikin kwana talatin. Bilkisu ta gyara murya, a hankali, ba gargada, ta karanta cikin kwana tis'in, kamar yadda take canja kowace lamba a kowane shafi tun ranar da ya zube mata littattafan.