A Buɗe Sandunan

Na buga teburin kwamitin gasar besbol ta yara da lemata. "A buɗe sandar yaron nan!"

Ranar Asabar jikana Kun-yi ne ke jefa ƙwallo. Wani ƙaton yaro ɗan ƙungiyar garin Hualien ya make ta da sanda, ta dawo ta fasa wa Kun-yi ido. Ga shi tsaye a bayana da bandeji. Ban yi boko ba, amma shekara talatin ina sayar da shayi a bakin filin besbol. Na san ƙarar sandar da aka cire wa murfi aka kankare cikinta don ta ƙara ƙarfin bugu.

"Kaka, ki zauna mana," in ji Mista Tsao, shugabansu.

"Kakarka tana gida! Ɗan shekara goma sha biyu ne zai yi wannan bugu? Ku kore shi!"

"In dai dubawa ce, sai a duba na ƙungiyoyin biyu. Duk sandar da aka taɓa murfinta, mai ita ya bar wasa shekara biyu."

"Biyu ta yi kaɗan," na ce.

Aka jera sanduna. Ta ɗan Hualien lafiya lau take. Tsao ya ɗauki wata shuɗiya, ya murɗa murfin, ya fita ba gardama. Wata 'yar takarda rawaya ta faɗo.

Layar tsari ce. Ni na karɓo ta a haikali. Ni na ɓalle murfin sandar Kun-yi da wuƙar kicin, na cusa ta ciki, na liƙe shi da gam, don kada wani abu ya sami yarona.

"Wannan sandar wa ce?" in ji Tsao.

Kun-yi ya dube ni da idon da ya rage masa.