Kalgon da Na Tuɓe wa Riga

Wata la'asar na bi Baba dajin bayan Kusasu ɗayo ɓawon kalgo, zai tufka wa Gwaggo igiyar ragaya. Shi gefe ɗaya kawai yake ɗayewa, ya shafe wurin da laka. Ni kuwa na ƙosa mu koma gida, sai na zagaye wani ɗan kalgo na ɗaye shi tas.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ka tuɓe masa riga duka. Da me zai kai damina?"

Ya cika min hannu da laka, muka shafe shi tare.

Yau dajin ba ya shiguwa saboda rashin tsaro, ban san ko kalgon ya rayu ba. Duk motar gawayin da ta wuce, sai na tsaya ina bin buhunan da ido, kamar zan gane shi.