Mai Shagon Gem da Tsohon Filashinsa

Kai da ba ka da magana sai "haka na saba yi," gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai shagon gem a unguwarmu. Mutum ne mai fara'a, amma wajen taurin kai ko jaki ya sallama masa. Yana da babbar kwamfuta da ya jona da faffaɗan allo, a nan ake buga wasan ƙwallo. Yana kuma da wani tsohon filashi rataye a wuya, zarensa har ya yi baƙi don gumi. A ciki ya adana abin da masu gyara ke kira direba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin wasan da katin da ke zana hoto a allo. Tun ranar da ya sayi kwamfutar ya kwafe shi, kuma duk sanda hoto ya yi gardama sai ya soka filashin ya sake ɗorawa, komai ya koma daidai. Har cewa yake filashin nan albarka gare shi. In kwamfuta ta tuna masa an fitar da sabon direba kuwa, sai ya danna a'a, wai cin data ne kawai.

Ana nan sai teloli da mahautan unguwa suka shirya gasa a shagonsa, aka yi ta fafatawa har aka zo wasan ƙarshe, ranar Juma'a bayan la'asar. Gogan naka ya bugi ƙirji a gaban sarkin fawa da shugaban teloli, ya ce in dai a shagonsa ne, allo ko ƙiftawa ba zai yi ba. Da hantsin ranar sai manhajar wasan ta kafe, ta ƙi buɗewa sai an sabunta ta. Ya sabunta yana tsaki. Yana kunna wasa, kai, ba kyan gani! Ciyawar fili ta koma ja, 'yan wasa na gudu ba kawuna, can allo ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan saƙo ya fito. Ko kallonsa bai yi ba ya rufe, ya ciro filashi yana murmushi. Ya ɗora tsohon direba, a banza. Ya sake ɗorawa, abin ya koma gyaran gangar auzinawa. Ya zare wayoyi ya hura, ya zagi janareta, ya ɗan mari gefen allon. Ina! La'asar ta yi, benci ya cika, mahauta sun kafa tukubar tsire a ƙofar shago, teloli sun shigo da gwaninsu cikin sabuwar riga. Bawan Allah ya jiƙe sharkaf, kuma ba zafi ne ya jiƙa shi ba, tsoron kunya ne. Ya san in wasan nan ya ƙi, jama'a za su tsallaka shagon da ke ƙetaren titi, maganarsa kuma ta zama abin dariya a kowace majalisa.

Sai ga taubashinsa, mai sayar da kayan waya, ya leƙo don tsiya kawai. Ya dubi allo, ya dubi filashi, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Haba ɗan kawu, wasa na bana, direba na zamanin kakanmu? Bar saƙon nan ya fito mu ji abin da yake faɗi." Saƙo ya fito, suka karanta tare, ashe tun safe abu ɗaya yake ta roƙo: sabon wasan ba ya jituwa da tsohon direba, a kawo masa sabo. Mai shago ya sosa ƙeya. Da yake datar shago ta ƙare wajen sabunta wasa, taubashi ya ce zai jona masa data daga wayarsa, amma da sharaɗin ya kira shi yaya a gaban kowa. Ya kira, da ƙarfi ma, shago ya kece da shewa. Suka goge tsohon ƙarƙaf, suka sauko da sabo daga shafin masu ƙera katin, suka kashe kwamfuta suka kunna. Kowa ya zuba wa allo ido, kitsen tsire na ta ɗiga a wuta. Sai ga fili kore shar, ga 'yan wasa da kawunansu! Wallahi ihun da aka yi a lokacin ya fi wanda aka yi da teloli suka jefa ƙwallon nasara. Sarkin fawa ya sha kaye amma ya raba tsire har da na abokan hamayya, mai shago kuwa daɗi ya cika shi, shi ya fi kowa yi wa kansa dariya.

Ka ga, Malam, ba wanda ya ce dabararsa ta dā ba ta yi aiki ba. Ta yi, a lokacinta. Shi ya sa Bahaushe ya ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.