Sunan da Tanka Ta Haɗiye

Ranar sunan jikanta, Inna Tabawa ta iso sababbin gidajen da aka gina a bakin babban titi. Tireloli na wucewa, tagogi na karkarwa.

Wanzami ya gama aski, ya ɗauko 'yan robobi biyu, ya nufi kunnen jaririn.

Inna Tabawa ta ce, "Innalillahi! Me za ka cusa masa?"

Ɗanta Habu ya ɗaga murya. "Inna, doka ce. Duk ɗan da aka haifa a nan sai an toshe masa kunne har ya shekara bakwai, kar ƙara ta kurmantar da shi."

"Dakata, ya ji sunansa tukuna!"

Ta sunkuya, ta ce, "Mudassir." Wata tankar mai ta danna hon. Ita kanta ba ta ji muryarta ba.

Wanzami ya toshe.